Hannu a Kan Kofin Amarya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa a kan gishirin miya, kin ga kuwa lafiya ta samu.

Yaya, wata magana ce ta tsaya mini a rai, na kasa faɗarta a waya. Kin san tun rasuwar Baba ni nake shirya ɗakin gwaje-gwaje da kaina, makaranta ba ta ɗauki wani mai kula da ɗakin a gurbinsa ba. Da jarrabawa ta matso, na sa 'yan ajina auna zafin da ke fita idan asid ya haɗu da ruwan soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita. Aikin ba wuya. A zuba kowanne mililita ashirin da biyar a kofin roba, a juya, a duba digiri nawa zafin ya hau. Sai a ninka nauyin ruwan da huɗu da ɗigo biyu, a ninka da hawan zafin, a raba da yawan mol, wato ma'aunin yawan sinadari. Amsar littafi, a ma'aunin zafin da ake kira kilojul, hamsin da bakwai ce, amma yara kullum ƙasa da haka suke samu, domin zafi yana sulalewa ta jikin kofi. Ƙasa ake yi, Yaya, ba a yin sama.

To, 'yata, wadda Baba ke tsokana da Amarya, ita ma tana ajin, sittin da bakwai ta samu. Na ce rashin natsuwa ne, ta sake. Haka ya fito. Na canja mata ma'aunin zafi, na canja kofi da tebur, na haɗa sabon asid da hannuna, na tsaya a kanta. Ina kallo jan layin ya wuce inda na kowa ke tsayawa, ya ci gaba da hawa a hankali. Wadda ke kusa da ita, daga kwalba ɗaya suka ɗiba, hamsin da biyar ta samu. In Amarya ta kai wannan amsa gaban mai jarrabawa ta faɗi, karatun likitan da take mafarki kuma ya tafi.

Da na matsa mata, sai ta sunkuyar da kai ta ce ita kofinta ba ya motsi in tana juyawa, kamar wani ya riƙe mata. Kin tuna halin Baba? In ya ga hannun yaro na rawa, sai ya lallaɓo ya rufe kofin da tafukansa biyu, wai kada ya zube. Sau nawa na gaya masa ɗumin hannunsa na shiga ruwan yana ɓata lissafi, ya yi dariya ya ce gara lissafi ya ɓaci da asid ya taɓa ɗan mutane.

Na san mamaci ba ya dawowa, kada ki ce na zautu. Amma ranar Laraba da azahar, bayan an tashi, na tsaya ni kaɗai a ɗakin, famfo na ɗiga, kujerar Baba na nan bayan ƙofa. Na yi masa addu'a. Sannan na buɗe baki, da kunya da tsoro, na roƙe shi ya sakar mata kofin, na ce ta girma, taimakon nan zai kayar da ita.

Washegari ta samu hamsin da biyar. Jiya aka yi jarrabawar, amsarta ta fito daidai. Sai dai ba ta yi murna ba. Ta same ni ina wanke kwalabe, ta nuna mini inda asid ya ɗiga ya huda mata hannun riga, ta ce kofin ya yi ta rawa. Ta tambaye ni ko na san abin da ya faru, na ce ban sani ba. Ke kaɗai na gaya wa, kuma har yanzu ban san ko na kyauta ba.

Ki gaishe da maigidan, da Babban Yaya in ya leƙo, da 'yan biyunki masu ƙiriniya. Inna da Amarya suna gaishe ki. Ki sa Baba a addu'a, ni ma ki sa ni, domin ɗakin nan ya yi mini sanyi tun ranar Laraba.

Taki har kullum,
Ƙanwarki