Gishirin Lasa a Kunun Baba

Zango, Sokodé
Ranar Talata

Zuwa ga maigidana, Baban Nuriyya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Nuriyya da mutanen gida duka. Yaya Dapaong, yaya ruwa, yaya garke? Ni da Baba mun sauka lafiya, sai gajiyar hanya da har yanzu ba ta sake ni ba.

Kada ka yi dariya don ka ga takarda a hannun Fousséni direba alhali ga waya. Gidan Yaya Kassimu ɗan tsukuku ne, kuma Baba hannunsa ne ya yi rauni, kunnensa garau yake. Ko tari na yi a waya sai ya tambayi da wa nake magana.

Jiya muka je lopital, asibitin garin nan. Ka san maganar da aka tsayar tun ranar da bijimin nan ya fizge igiya daga hannun Baba a kara, kasuwar shanu, ya ja shi ƙasa a idon jama'a. To, Yaya Kassimu ya sake maimaita ta a gaban dokita kamar alƙali: in gwaji ya nuna wani abu ne ya ragu a jikin Baba, a yi magani ya koma wurin shanunsa, in kuwa tsufa ne zalla, ya zauna nan Sokodé ke nan. Raina ya ɓaci da yadda ya faɗe ta, amma na haɗiye.

Dokitan ya ba Baba wani ƙarfe mai agogo, ya ce ya matse iya ƙarfinsa. Baban Nuriyya, hannun da yake kayar da bijimai tun ba a haife ni ba, da kyar allurar agogon nan ta motsa. Bango na juya na kalla. Da ya ji labarin ɗaurewar jijiyar da ke damun Baba a ƙwauri, sai ya ce akwai wani sinadari, magneziyom, wanda naman jiki ke buƙata don ya matse ya saki. Yakan ragu a jikin tsofaffi, in ya ragu kuwa yana iya kawo rauni irin wannan. Ya ce za a auna shi a jini.

Kai, ka ga fuskar Baba kuwa! Wai ai ya san shi. Bara farkon damina, da jar saniyarsa ta faɗi a kan sabuwar ciyawa tana karkarwa, sunan nan likitan dabbobi ya ambata, ya yi mata allura, ta miƙe kamar ba ita ba. Da murna ya miƙa hannu, har yana tsokanar mai ɗibar jinin wai ta ƙara, yana da shi da yawa.

Tun dawowarmu bai zauna ba. Daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa bakin titi, in motar shanu ta wuce sai ya bi ta da ido har ta ɓace. Ni ma ban fi shi ba, na wanke tukunya ɗaya na sake wanke ta. Ka aiko da labarin jar saniya, shi yake fara tambaya kowace safiya.

Ka shafa min kan Nuriyya.

Matarka,
Humaira

Zango, Sokodé
Ranar Asabar

Baban Nuriyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, yau cikina a cike yake.

Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ka ba ni amsa tsakani da Allah: ka san Baba ya taho da gishirin lasa na shanu a jakarsa?

Tun zuwanmu na lura yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, takalminsa kuma ya daina shiga. Na ɗauka zaman mota ne. Yau da hantsi na kai masa kunu, ya bar saura, na ce bari in shanye kada a zubar. Wallahi sai da na tofar. Gishiri zallan. Na ɗaga jakarsa, sai ga gutsuren dutsen nan da ake rataya wa shanu, an kankare gefensa da wuƙa har ya yi santsi.

Ko kunya bai ji ba. Ya ce tun bayan faɗuwarsa a kara yake kankara kaɗan a kununsa, don likitan dabbobi ya ce akwai sinadarin a ciki. Ya dube ni ya ce, "Abin da ya tayar da saniya, ni ne zai kasa tayarwa?" Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun.

Na ja shi muka koma lopital. Dokitan ya auna tansiyonsa, wato hawan jini, ya kama kai. Ya ce mafi yawan dutsen nan gishiri ne, sauran kayan cikinsa kuma an haɗa su ne don cikin saniya ba don mutum ba, ga mai hawan jini kuwa ganganci ne babba. Sakamakon jinin farko ma ya ce ba zai dogara da shi ba, tunda an ɗebe shi Baba yana cikin lasa. Sai ya daina, jiki ya wanke, a sake ɗiba. Wato jira ya koma sabo.

Yaya Kassimu ya samu abin da yake so. Ya ce ba sai an jira wani analiz na jini ba, mutumin da ke cin abincin shanu ba a barinsa a ruga. Na ce masa magana aka yi a gaban shaida, ba zai sauya ta a tsakiyar hanya ba. Ya ce ni ke ɗaure wa Baba gindi. Na ce shi kuma so yake ya ajiye Baba a zaure kamar tabarma. Mun faɗa wa juna abin da bai kamata ba, har matarsa ta shiga tsakani. Na san tsoro ne ke sa shi, shi ne aka kira a waya ranar da Baba ya faɗi. Amma yau ba na son in fahimce shi.

Abin da ke cin raina, a sallah na kama kaina ina roƙon Allah ya sa a samu ragi a jinin mahaifina. Ka taɓa jin 'yar da ke roƙa wa ubanta ciwo? Ciwo dai yana da magani a farmasi, shi ya sa.

Na ɓoye dutsen a cikin buhun gawayi. In kai ka sayo masa, ka shirya amsa kafin in dawo.

Taka,
Humaira

Zango, Sokodé
Ranar Alhamis

Zuwa ga Baban Nuriyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar kewa. Yaya jikin Nuriyya da murar nan? Saƙonka ya iso, na yarda ba ka sani ba, na janye fushina. Kumburin ƙafar Baba ya sauka, alhamdu lillahi.

An sake ɗibar jinin Baba, sakamako ya fito. Magneziyom ɗinsa daidai yake, babu ragi.

Ni kaɗai na je karɓa. Na riƙe dokitan nan da tambaya kamar mai ciniki a kasuwa. Ya ce gaskiya jini kaɗan yake nunawa, mafi yawan sinadarin yana cikin ƙashi da nama. Na ce to ke nan mai yiwuwa ya ragu a can, a ba shi ƙwayar mana. Ya girgiza kai, ya ce ƙodar tsoho ba a ɗora mata abin da ba a tabbatar ba. Ya ce ya ci wake da gyaɗa da gero da ganye, abin da Baba ke ci tun yana goye. Ya ce in yana motsa jiki zai riƙe ƙarfin da ya rage, ya yi tafiyarsa, ya yi sallarsa a tsaye. Na tambayi batun riƙe igiyar bijimi. Sai kawai ya ninke takardar ya miƙo min.

Na zaga ta unguwar Didaouré don in tsawaita hanya, ina ta juya yadda zan faɗa wa Baba. Har na yi tunanin in ce ba a gama ba.

Da na shigo, na tarar da shi tsugune a tsakar gida wurin ragon da maƙwabta suka ajiye don suna. Da safe shi ya ɗaure musu shi, irin ɗaurinsa na ruga da ake kwancewa da fizga ɗaya. Rana ta kai wurin, yana so ya mayar da ragon inuwa. Ya fizga, ƙullin bai motsa ba. Ya sake. Ya sa hannu biyu. Na tsaya a bakin zaure ina kallon yatsunsa suna zamewa daga igiyar. Bai waigo ba, amma ya san ni ce. A hankali ya ce, "Humaira, zo ki kwance min."

Na kwance da fizga ɗaya, na ji haushin hannuna. Bai tambayi sakamako ba. Da Yaya Kassimu ya dawo, Baba ya kira shi ya ce a gyara masa ɗakin da ke kallon titi. Yaya da ya yi ta jiran wannan magana, sai ya fita waje yana share ido.

Zan ƙara 'yan kwanaki har ya saba, sannan in taho. Fousséni zai ba ka ƙunshi biyu. Ƙaramin, ragowar gishirin ne, Baba ya sa na tono shi daga gawayi, ya ce a kai wa jar saniya, dama nata ne ya ci mata. Dogon kuwa sandarsa ce. Ya ce ka riƙa fita da ita, shanun sun san ta.

Akwai saƙo ɗaya da ya sa na maimaita masa don kada in sauya. Ya ce ya san yanzu duk wanda ya nufo garke, shanun za su ɗaga kai su duba ko shi ne. Ya ce ka ba shi labarin komai, haihuwa da ciwo da ciniki, amma ranar da suka daina ɗaga kan nan, kada ka gaya masa.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka mai kewarka,
Humaira