Ku Bar Tukunyar Resto Ta Yi Sanyi

Arlit, ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata Fatimatuzzahra,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki. Mu nan sai godiya. Mahaifiyarki Sa'a ta ji sauƙin ƙafar nan, har ta koma suyar ƙosai, ƙannenki kuma suna zuwa lakwal, ba sa fashin karatu. Garin dai kin san yadda ya koma: manyan motoci sun ragu, 'yan kabu-kabu sun fi fasinja yawa. Ni kuwa ina nan ƙofar gida, takardun shaidar karatuna suna cikin akwati, gara tana karanta su a madadina. Na ba Ghissa direban kar, motar fasinjan nan, wannan takarda ne domin waya ba ta ɗaukar doguwar magana.

Shekaranjiya babanki Siddiƙ ya zo mini ransa a ɓace, ya miƙo mini wayarsa. Sai ga hotonki kin ɗaure ƙugu da gyale, kina tuƙa wata tukunya da ta kusa kai ki tsawo. Ya ce ma'aikatan jami'arku, wato masu dafa abinci a resto da masu shara da masu gadi, sun shiga yajin aiki saboda albashi ba ya zuwa a kan kari, kuma murhun gas ɗinsu yana yoyo har ya ƙona wata mata a hannu. Ya ce ku ɗalibai kun ƙi shiga aji sai an saurare su, kuma kun karɓi girki da shara da kanku. Ya ce shi karatu ya tura ki, ba tuƙin tuwo ba, kuma in shekarar nan ta tashi a banza ba shi da ƙarfin sake wata. Shawarar da ya yanke ita ce ki tattaro kayanki ki dawo ki zauna masa a shago, karatun ya ƙare ke nan. Ni ya ɗora wa rubuta miki, tunda ni ne babba, kuma wai ni ne na yi boko.

Na karɓi wayar na daɗe ina kallo, kuma maimakon fushi sai tambayoyi suka cika mini kai. Na yi shekaru ina gwajin duwatsu a labo, ɗakin gwaji na kamfanin ma'adinai, na ga yajin aiki iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ke da abin asara ya tsaya wa na ƙasa da shi ba. Mu a zamaninmu mai farar riga bai san sunan mai goge masa tebur ba. To ku me ya same ku? Wa ya fara kawo maganar? Samarin ma suna riƙe tsintsiya, ko ku mata aka bar wa aikin su suna riƙe da lasifika? Malamanku fa, suna tare da ku ko suna leƙe ta taga? Matar da ta ƙone, kin san sunanta, kin je gidanta? Ba gatse nake yi ba, so nake in sani.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai, shi ne tukunyar nan. Bari in ba ki labari. Tun kina goye, direbobin wani ɗan kwangila da ke kai ma'aikata bakin ramin haƙar ma'adinai suka ajiye makullai, domin birkin motocin ya lalace kuma haƙƙinsu yana makara. Kowa ya tausaya musu. To mu yawancinmu 'yan kudu ne, 'ya'yan manoma, kuma kin san tarbiyyar gida: in maƙwabcinka ya kwanta, gayya ake yi a nome masa gona kada ciyawa ta ci ta. Sai waɗanda suka iya tuƙi a cikin ma'aikata suka ce bari su riƙe wa direbobi motocin, kada a ce su suka tsayar da aiki a kore su. Da zuciya ɗaya suka yi. Na ce musu wannan ba gona ba ce, aka ce mushe, wato ni ɗan boko, ya fara faransancinsa. Motoci suka ci gaba da tafiya a kan lokaci, ɗan kwangila ya duba ya ga ashe ana iya yi ba tare da direbobin ba. Shugabansu Alkassoum shi aka fara sallama. Yau yana ban ruwa a lambun wani, in mun haɗu ba ma tayar da zancen.

Gayya tana rufe gurbin wanda ba ya nan, shi kuwa yajin aiki gurbin ne duk ƙarfinsa. In tsakar jami'a tana share, abinci yana fitowa daga resto da zafinsa, mai sa hannu a kan albashi me zai gani ya dame shi? Garin neman gira kada ku rasa ido. Na san dole ku ci abinci. To ku kafa duwatsun murhu a wajen ƙofa, ku dafa da tukwanenku, ku kira ma'aikatan su ci tare da ku a idon kowa, amma tukunyar resto ku bar ta ta yi sanyi. Kafin ma ki ɗauki maganata, ki je ki tambayi masu girkin abin da suke so, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila su suka roƙe ku, ni ne ban gane sabon zamani ba. In haka ne ki faɗa mini, zan so in ji yadda aka yi.

Batun dawowa kuwa, ga yadda muka ƙare. Na gaya wa Siddiƙ ba zan rubuta miki ki dawo ba. Ya ce ni da karatu bai tsinana wa komai ba, ni ne zan sa 'yarsa ta yi biyu babu. Na ce gaskiya ne bai tsinana mini ba, amma shago ba ya gudu, kuma in shekarar ta lalace a ɗora laifin a kaina, ni zan tsaya miki a ta gaba ko da filina na bayan tasha zan sayar. Ya ce tunda Yaya ya faɗa shi ke nan, ya ɗauki wayarsa ya fita. Tun ranar bai zo shan shayi ba, kuma na san za a daɗe kafin ya zo. Don haka ki zauna inda kike. Ki kira shi ki gaishe shi da ladabi, kada ki yi masa gardama, tsoro ne ke damunsa ba ƙiyayya ba.

Ki gaishe mini da Gwaggonki Maryama da maigidanta Nazifi in kin je wurinsu ranar Juma'a. Sa'a da matata Inna Lalla da yara duk suna gaishe ki. Matar nan da ta ƙone, ki ce mata wani tsoho a Arlit yana yi mata sannu. Allah ya tsare ki, ya sa ku ga abin da mu ba mu gani ba.

Ni ne Baffanki,
Zainulabidin