Tunkiya Ɗaya da Garke Guda

Karare, ranar Alhamis.

Ƙanena Isa, gaisuwa mai yawa. Yaya iyali, yaya Kano? Ni dai ƙafa ta hana ni zuwa masallaci.

Malamin sabuwar makarantar boko yana koya mini Turanci kowace Alhamis. Wai in an ƙara harafi guda, abu ɗaya ya zama da yawa. To, sai ga tunkiya ɗaya da garke sunansu ɗaya! Makon jiya na ce, "Malam, waɗannan mutanen sun taɓa kiwo kuwa?" Bai yi dariya ba. Ko haushi ya ji? Ni ba Turancin nake so ba, shi kaɗai ke zama hira da ni.

Sa ni a addu'a, ka gaida Hajara. La'asar ta wuce, furar malamin na ajiye. Bai zo ba.