Taken Attahiru

Zuwa ga ɗana Muktar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya kai da Fauziyya da yara a can Legas, ya ƙara muku rufin asiri. Mu nan Kende lafiya lau. Ruwa ya sauka, shinkafar fadama ta yi kyau, sai dai ƙafar kakarka Inna Mero da ke matsa mata.

Fim ɗinka na mutanen ƙasar Bagudo da suka tafi yaƙin basasa ya iso ta waya, tare da saƙonka cewa ba za ka kai shi gidan talabijin ba sai Inna ta yarda, tunda hoton wanta Attahiru yana ciki. Ni kaɗai na fara kallo. Ka yi aiki, ban raina ba. Badujalar soja da waƙoƙin rediyon zamanin sun sa ni da ban ga lokacin ba na ji kamar ina tasha ana loda samari a mota. Amma da aka zo hoton Attahiru, na ji gangar da ka sa a wurin, sai na tsayar da fim ɗin.

Gangar noman da ka ɗauko daga tsohon kaset ɗin marigayi Sambo makaɗi, ba kiɗa ba ne kawai. Taken Attahiru ne, wanda ake buga masa ranar gayya idan ya kama kunyar noma ya bar sa'o'insa a baya. A garin nan idan manomi mai take ya rasu, makaɗi yakan zo ƙofar gida ya buga taken a hankali, daga nan an binne shi, ba a ƙara kaɗawa. Attahiru bai dawo ba, ba a kuma ga gawa ba. Inna ta hana Sambo yin wannan bugun, ta ƙi karɓar gaisuwar mutuwa daga kowa, har Sambo ya koma ga Allah. Kai kuma, ɗan birni, ka ga kiɗan ya yi wa wurin baƙin ciki sauri, sai ka ja shi da na'ura ya koma a hankali. Rashin sani ya fi dare duhu. Abin da ta hana fiye da shekara hamsin, shi ka yi.

Na so in ce mata fim ɗin bai buɗe ba. Na ji tsoro ƙwarai, kada abin ya kayar da tsohuwa, ko ta yi fushi da kai. Amma ƙanwarka Ni'ima ta riga ta tsegunta mata, don haka bayan la'asar na miƙa mata wayar. Da gangar ta tashi, ta ajiye tasbaha. Ba ta yi kuka ba. Ta sa na maimaita wurin, ta tambaye ni ko hannun Sambo ne, na ce nasa ne. Sannan ta ce Sambo ya bi maganarta yana raye, ga shi ya sauke nauyinsa yana kabari, ita ce ta rage. Ta ce kada ka taɓa kiɗan, ka bar shi yadda yake. Sai ta ce in shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, in sanar da liman.

An yi addu'a ranar Juma'a. An zo daga Kurgu da Matsinkai, har danginmu na tsallaken iyakar Benin. Ni da aka haifa bayan tafiyarsa, sai da na yi hawaye.

Ka gaishe da Fauziyya da su Bunyaminu. Gwaggonka Safina da Ni'ima suna gaishe ku. Idan ka kira Inna, kada ka fara da maganar fim. Ka yi mata gaisuwar wanta, yanzu tana amsawa.

Kawunka,
Badamasi