Makullin Mashin ɗin Baba

Kurmin Kogi, Ikara

Zuwa ga Yaya Safiyanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya a Fatakwal, Allah ya ƙara rufin asiri. Nan gida kalau muke, masara ta yi kyau, Inna kuma ta warke daga murar da ta dame ta. Ni ce dai hankalina ya ƙi kwanciya. Sau uku ina ɗaukar waya in kira ka, sai in ajiye, don na san ka da katse mutum.

Maganar ƙafar Baba ce. Likitan da muka gani a Zariya ya ce hanyoyin jinin ƙafar ne suka ƙuntata, shi ya sa sha-raɓarsa ke ɗaurewa in ya ɗan taka. Ya ba shi magani, ya hana shi taba, ya ce a rage mai da gishiri. Duk Baba ya bi, har tabar da ya shekara arba'in yana sha. Amma babban abin, in ji likita, tafiya ce: ya taka har ciwon ya taso, ya huta, ya sake takawa, kullum. In ba haka ba, abin zai iya kaiwa ga yanke ƙafar.

To ka san garinmu. Wa zai ga dattijo yana ɗingishi a hanya ya wuce shi? Ranar farko ko tsamiyar bakin rafi ba mu kai ba, masu mashin uku suka tsaya za su ɗauke shi. Ɗayansu, Malam Inuwa, har faɗa ya yi mini, wai ina azabtar da ubana a bainar jama'a. Gida gida na bi ina roƙon mutane su bar shi ya taka, har ya fara kaiwa masallacin Juma'a da hutu biyu kacal.

Sai ga mashin ɗin da ka aiko wa Baba ya iso. Na san tausayi ne ya sa ka, Yaya, amma garin neman gira za mu rasa ido. Mako uku ke nan Baba bai taka ba, ko gona a kansa yake zuwa. Na yi masa magana, ya ce ba zai wulaƙanta kyautar ɗansa ba. Jiya da nake wanke masa ƙafa na ji yatsun sun yi sanyi ƙalau, tsoro ya kama ni. Jibi za mu koma asibiti.

Makullin mashin ɗin yana hannuna tun daren jiya, na ɓoye shi cikin buhun wake. Baba ya daina amsa gaisuwata. Don Allah ka kira shi, ka ce masa da bakinka ya taka. Taka kaɗai zai ji.

Ka gaishe mini da Anti Suwaiba da su Ja'afaru. Inna tana gaishe ku. In fushi za ka yi, ka yi da ni, na saba. Ni dai so nake ranar da ka dawo, Baba ya tarye ka a ƙofar gida da ƙafafunsa biyu.

Ƙanwarka,
Ummukulthum