Tafiyar da Ba Ta da Mai Masauki

Grand Concourse, Bronx
Fabrairu, 2016

Yaya Hawawu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, ke da Mma da yaran. Yaya ƙafar Mma?

Ni lafiya lau, sai dai jiri ya ɗan kayar da ni a gaban ɗalibaina. Ba wani abu ba ne. Likita ya ce in huta, sai abokan aikina malamai suka haɗu suka shirya mini mako guda a wani ƙaramin tsibiri a Karibiyan.

Yaya, kaina ya ɗaure. Sun ce in ɗauki fasfo, tufafi marasa nauyi, man kare fata daga rana da maganin sauro. Kuma kada in makara, don jirgin ruwan da ke kai mutane tsibirin sau ɗaya yake tashi a yini. Duk na gane. Da na tambayi wurin wa zan sauka, sai suka yi dariya. Wai ba kowa! Ni kuwa har na sayo turmin atamfa a 125th Street don mai masauki. Wata ɗalibata ta ce, "Malama, zama kawai ake yi ana kallon ruwa." Ni da nake koya musu taswira, yau su ke koya mini tafiya.

Abin da ya fi damuna Mma ce. Na daɗe ina ce mata ba hutu, ga shi na samu ban zo Kumasi ba. Mako guda ba ya isa, amma za ta yarda? Don Allah ki lallaɓa ta kafin ta ji a bakin wani. Kada ki ce na je hutawa, za ta ce ai a ɗakinta ma akwai tabarma.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Zuweira