Cediya a Gindin Katangar Ɗantala

Mosko, Janairu 1976

Yaya Barira,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Inna, yaya mutanen Jibiya? Ni lafiya lau nake. Sanyin nan ya farfasa mini leɓe, abinci kuma kullum dankali, amma kada Inna ta ji.

Na sami labarin abin da maƙwabcinmu Ɗantala ya yi wa mangwaron marigayi Baba, wai ya sa an ɓare ɓawonsa zagaye don motocinsa masu kai fetur Maraɗi su sami wurin tsayawa. Ranar ko abinci ban ci ba.

A makarantar noma an nuna mana inda itace ke girma. Kan toho ke ƙara masa tsawo, kan saiwa ke kutsa ƙasa, sai wata 'yar fata mai danshi ƙarƙashin ɓawo da ke ƙara kauri tana warkar da rauni. Ita Ɗantala ya kashe, don haka saman mangwaron ba zai rayu ba. Ki roƙi Kawu Ummaru ya sare shi ƙasa da raunin, a riƙa ba kututturen ruwa, zai toho.

Sannan Kawu ya kafa rassan cediya cikin filinmu, daf da sabuwar katangar Ɗantala. Saiwar cediya ba ruwanta da siminti. In Ɗantala ya tambaya ki ce, "Inuwa muke nema, Alhaji." Allah Ya maido ni gida in ga ranar da katangar nan za ta tsage.

Ƙanenki,
Kalilu